Kafin a sayi bel ɗin tsaro, a auna tsayin ginin

Assalamu alaikum Edita. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin 'yan kwangila, birkiloli da kafintocin Zariya. Benaye sai tashi suke yi a Samaru, Hanwa, Kwangila da Ɗanmagaji, kuma mun fara ganin ma'aikata ɗaure da bel ɗin tsaro. Abin farin ciki ne, sai dai da yawa an saye su ba tare da lissafi ba, kuma ba za su tare kowa ba in ƙafa ta zame.

Bel ɗin ƙugu zalla na jingina ne, ba na tare faɗuwa ba. Amurka ta hana amfani da shi don wannan tun 1998, domin nauyin mutum duka a ciki da ƙashin baya yake sauka. Wanda ake so shi ne mai ratsa kafaɗu, ƙirji da cinyoyi, da zoben ƙarfe a baya tsakanin kafaɗu. A duba tambarinsa: EN 361, wato lambar ƙa'idar Turai da aka ƙera shi a kai, ranar ƙira da lambarsa. In babu tambari, a bar wa mai shago kayansa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne igiya, wadda ke haɗa zoben bel da wurin maƙalawa. Wadda aka saba gani tsawonta mita 2 ne, da wani ƙunshi a jikinta mai lamba EN 355, wanda ke warwarewa a hankali don kada fizgar da jiki zai sha ta wuce kimanin nauyin kilo 600. Wannan ƙunshi kan iya warwarewa har mita 1.75. A ƙara mita 1.5 daga zoben baya zuwa tafin ƙafa, da mita 1 na tazara. Jimla mita 6.25 ke nan da ake bukata a ƙarƙashin inda aka maƙala ƙugiya. To hawa ɗaya na bene kusan mita 3 ne. Kafintan da ke buga kwano a kan gida marar bene, ko leburan da ke zuba kankaren bene na farko, zai bugi ƙasa kafin igiyar ta gama aikinta. A irin wannan tsayi abu biyu ne ke aiki: gajeriyar igiya da ba za ta bar mutum ya kai bakin gini ba sam, ko igiya mai naɗe kanta, EN 360, wadda ke kullewa nan take kamar bel ɗin mota, a rataye ta sama da kai.

Wurin maƙalawa kuwa, ƙa'idar Turai ta ce ya ɗauki kusan tan 1.2. Bututun ruwa, rodin da ya leƙo daga ginshiƙi, katakon rufi na tu-bai-tu da sikafol (dandamalin hawa) na gora duk ba su kai ba. A nemi ginshiƙin kankare da ya bushe ko ƙarfen gini, kuma ya kasance daidai saman mai aiki, domin in yana can gefe, mutum lilo zai yi ya daki bango. Kada igiya ta bi ta bakin kwano, yanka ta zai yi.

A ganinmu ma, shinge a bakin gini ya fi bel daraja, tunda yana kare kowa har da mai ɗaukar kwanon siminti: sanda a tsayin kusan mita 1, wata a tsakiya, da katako mai santimita 15 a ƙasa don kada bulo ko guduma ta faɗo kan na ƙasa. Hular kwano kuma sai mai igiyar haɓa.

Rana, siminti da fenti suna cin zaren bel. Kowace safiya a bi shi da hannu, a duba ɗinki, a gwada ƙugiya ko tana kulle kanta, musamman lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta. Bel da igiyar da suka taɓa tare faɗuwa an gama da su, a yanka su kada wani ya tsinta. Sannan foman ya ajiye tsani mai kai wa ko'ina kafin a hau, domin wanda ke rataye, madaurin cinya na danne masa jini, kuma cikin 'yan mintuna yana iya suma.

Naku,
Wasu masu kula da aikin gini, Sabon Gari, Zariya