A Daidaita Daɓe Kafin a Shimfiɗa Karo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu gyaran gida a Damagaram kan wani mataki da ake yawan tsallakewa, wato daidaita tsohon daɓen siminti kafin a shimfiɗa karo (tayil ɗin da ake shimfiɗawa a ƙasan ɗaki).

Bara, a gidanmu da ke Birni, magini ya cike wani kwari a tsakiyar ɗaki da kwaɓi a kan ƙura, ya ɗora karo washegari. Kafin damina ta wuce wurin ya fara ƙara kamar ganga, uku daga cikin karon suka tsage. Da muka sake aikin, wani dattijon magini ya fara auna bango da tiyo mai ruwa domin gano tudu da kwarin daɓen, ya ja igiya, ya sassaƙe tudun da kurfi, sannan ya share, ya jiƙa wurin, ya shafa ruwan siminti domin sabon kwaɓi ya kama tsohon. Kwaɓin nasa awo 1 na siminti ne da awo 3 na yashi mai tsabta.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawa. Siminti ba bushewa yake yi ba, ruwa ne ke sa shi ƙarfi, kuma sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa. A zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, ko a iskar hunturu, wajibi ne a rufe daɓen da buhuna, a riƙa yayyafa masa ruwa aƙalla kwana 7, ko da kuwa ruwa na tsada a garinmu.

Naku,
Wani mai karatu, Birni, Damagaram