Abba, cire tambarin nan daga jikin motarka

Assalamu alaikum Abba, ya aiki, ya mutanen bariki? Ƙanwarka ta nuna min tambarin da ka sa aka zana maka, garkuwa da masu biyu a gicciye, ga bishiyar kwakwar manja, ga farar hular kwano, sannan wani ƙaton zaki a sama ya buɗe baki. Ya yi kyau, ba zan ɓoye maka ba. Kwakwar nan bajon rundunar Afirka ta Yamma ce da kakanka mai sunanka ya yi wa aiki, farar hular kuma tawa ce ta rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG a Laberiya a 1990, na gane, kuma na ji daɗi.

Amma ina gammon? Bajon runduna ta 82 da ta yi yaƙin Bama masu biyu ne a kan gammo, kai ma ka sani, ka sha ganinsa a tsohuwar akwatin ƙarfen nan ta ɗakin Inna. A dajin can mota ba ta shiga, a ka suke ɗaukar harsashi da abinci suna hawa duwatsu da su har suka kai garin Myohaung a Janairun 1945, tsoho har ya rasu tsakiyar kansa ba gashi. Shi ne ka bar masun ka cire gammo ka kawo zaki, wai kar abokanka su ce maka jikan ɗan dako. Zakin me? Duba bajon da ke goshin hularka, mikiya ce da tauraro da rubutun Larabci, Nasrun minallah, nasara daga Allah take, ba a sa sunan kowa ba.

Wannan ma duk mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni barci shi ne an ce ka buga shi sitika ka manna a gilashin baya, har da muƙaminka a ƙasa, kuma da motar nan kake bin hanyar Birnin Gwari in za ka zo gida. Kana da hankali kuwa? 'Yan bindigan nan in sun tare hanya waya suke fara dubawa suna neman hoton kaki, na san manyan da suka fi ka anini a kafaɗa da suke tura katin aikinsu cikin safa su sa jallabiya su zauna a kujerar baya kamar 'yan kasuwa, kai kuma ka rubuta musu ga ni nan tun daga nesa. Farar hula in an kama shi ana cinikin kuɗin fansa, soja fa? Kar ka sa in faɗa da bakina.

Ni na tsaya kai da fata ka shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, mahaifiyarka har gobe ni take ɗora wa laifi, kuma ban yi nadama ba, gidanmu gidan soja ne. Amma ban kai ka don ka je ka faɗa hannunsu a kan titi saboda sitika ba.

Ka ɓamɓare shi yau ɗin nan, ka goge na Facebook ma. In kana so a yi masa firem ka rataye a falo, a mayar da gammon, ni ma a yi min ɗaya zan biya. Ka kira mahaifiyarka bayan sallar Juma'a, ba ta san zancen motar ba, kar ka gaya mata. Allah ya tsare min kai, ya yi maka albarka.

Mahaifinka