Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi kan duba mai jego da jaririnta

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu ne iyaye mata na unguwannin Bagalam da Mokoyo, muka kawo kuka gaban uban ƙasa a kan yadda ake sallamar ƴaƴanmu bayan haihuwa.

Ɗiyar ɗaya daga cikinmu ta sauka da asuba a wata likita cikin gari. Kafin azahar an ce ta naɗe zanenta, wata na jiran gadon. Aka ɗora ta bisa kabu-kabu, kakar na riƙe da jinjiri. Ba wanda ya taɓa mararta ya ji ko mahaifa ta tsuke, ba a auna jininta ba, karnenta na awo ma ba a rubuta ranar dawowa ba. Kwana na uku zazzaɓi ya rufe ta, jinin biƙi ya soma wari, mu kuwa muna ta hura wutar ruwan wanka da dama kunun kanwa, muna cewa gajiyar naƙuda ce. Allah ya yi da sauran kwana.

Ranka ya daɗe, abin da muke nema rubuce yake. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2022 ta ce mace ta yi aƙalla awa 24 a likita bayan ta haihu, a sake duba ta da ɗanta tsakanin awa 48 zuwa 72, sai tsakanin kwana 7 zuwa 14, sai mako na 6. Ungozomomin likita sun san wannan sarai. Ba mu zarge su ba, mun gan su biyu kan mata goma, hannu bai isa ba.

Roƙonmu, Sarki ya yi magana da hukumar lafiya ta jiha a ƙara gadaje da ma'aikata, kada a sallami kowa sai an duba ta an rubuta mata ranakun dawowa. Sa'an nan ya umarci masu unguwanni da limamai su riƙa tunatar da magidanta a wurin raɗin suna. Suna ranar bakwai ne, arba'in kuma dab da mako shida take, ba maigidan da zai ce ya mance lissafi. Wanda ya iya sayen ragon suna bai rasa kuɗin kai matarsa awo, matsalar dai ita ce wasu sun ɗauka mai jego ba ta taka ƙofar gida sai ta yi arba'in. Bakin Sarki ne zai warware wannan.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Iyaye mata na Bagalam da Mokoyo, Maraɗi.