Zuwa ga Uwata a Abuja, kafin ki cike fam ɗin

Uwata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kin fara sabawa da zafin Abuja. Mu nan Jos hunturu ya sauka, tun kafin magariba kowa ke neman rigar sanyi.

Mahaifiyarki ta ce kin yanke shawarar yin digiri na biyu kan nazarin yaɗuwar cututtuka. Damuwarta kin san ta. Na ce mata aure da karatu ba kishiyoyi ba ne, ta yi shirun nan nata. Ni dai na amince, Allah ya sa albarka. Sai dai akwai labarin da ban taɓa ba ki ba, kuma ba na waya ba ne.

Shekara talatin na yi ina aikin duba-gari. Wata damina amai da gudawa suka ɓarke a wata unguwa. Na karɓi sunayen waɗanda aka kwantar, na bi gidajensu ina tambayar inda suke ɗiban ruwa. Kowa ya ce rijiyar wani dattijo. Kafin la'asar na sa an rufe ta da kwano, na datse kwaɗo, na koma ofis ina jin na yi aiki. Cutar ba ta tsaya ba. Bayan kwana biyu wata ungozoma ta tare ni a bakin zaure ta ce, "Malam duba-gari, ai duk unguwar nan rijiyar nan muke sha, har mu da ke tsaye a gabanka. Ka tambayi su wa suka je suna?" Ashe kunun zaƙi ne aka sirka da ruwan 'yan garuwa na rafi. Yawancin waɗanda suka sha mata ne, suna kwance a ɗakunansu, ba a kai su asibiti ba, don haka ba su cikin littafina. Ni kuma namiji, iyakata zaure. Dattijon nan har ya rasu bai sake amsa gaisuwata ba.

Marasa lafiya kaɗai na tambaya, na bar masu lafiya. Abin takaici, an koya mana wannan a makarantar tsafta. John Snow, likitan da ya sa aka cire hannun famfon Broad Street a Landan a 1854, bai tsaya kan waɗanda kwalara ta kashe ba. Ya binciki gidan gajiyayyu da ke tsakiyar unguwar wanda cutar ba ta yi wa ɓarna sosai ba, ya tarar suna da rijiyarsu. Na ci jarrabawa da labarin, na manta shi a bakin aiki.

Ke za ki shiga inda ban shiga ba. Kada ki raina wannan. Gubar dalmar Zamfara da aka gano a 2010, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a tsakar gida take. Duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma ake kawowa a daka a niƙa a cikin gida, yara na rarrafe cikin ƙurar suna kai hannu baki. Wanda ya tsaya a ƙofa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ya wuce. In kin shiga, ki cire takalmi, ki zauna a tabarma, ki gaisa tukuna. Takardar tambayoyi ba ta gudu. Kuma ki fassara tambayoyinki da kanki, ki gwada su kan gwaggonki, in ta ce "me kike nufi?", to da sauran gyara.

Ki faɗa wa mutane gaskiyar abin da za ki yi da amsarsu da jininsu, wanda ya ƙi ki bar shi ba tare da ɓata fuska ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, an gwada maganin Trovan a wani bincike kan yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Da aka zo ƙin allurar shan inna a 2003, wannan labari na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Dubi shekarun da ke tsakani.

Batun lissafi kuwa, na san ba abokinki ba ne tun sakandare. Ku shirya, don karatun nan rabinsa ƙididdiga ce. In sakamako ya fito saɓanin abin da kike so, ki rubuta shi yadda ya fito. Malamin da zai duba aikinki, kada girman suna ya ruɗe ki. Ki tambayi ɗalibansa wata nawa babi ke yi a teburinsa.

In da za ki ji tawa, da kin yi bincikenki kan zazzaɓin Lassa. A 1969 aka fara gane shi, daga wata ma'aikaciyar jinya da aka ɗauko daga garin Lassa ta Borno zuwa asibitin Jankwano, nan garinmu, inda ta cika. Shekara ta zagayo, Dakta Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawa, ita ma ta tafi. Fiye da shekara hamsin ke nan, har yau kowane rani sai cutar ta dawo, har yau muna shanya hatsi a bakin titi ɓera mai ɗauke da cutar na yawo a kai. Amma zaɓi naki ne. Sai dai ko wanne kika ɗauka, safar hannu da takunkumi ba ado ba ne.

Kuɗin fam zan turo ranar da fansho ya shigo. Mahaifiyarki ta ba direba dankali da acca, ki je tasha ki karɓa ranar Asabar da hantsi, kada dankalin ya kwana a mota.

Mahaifinki