Ba kowace jaridar "tabloid" ce ta tsegumi ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ranar Talatar da ta wuce, a shirinku na sharhin jaridun waje, na ji an fassara kalmar "tabloid" da "jaridar tsegumi". Ni tsohon ma'aikacin ɗab'i ne, na yi shekaru ina jera shafuka kafin kwamfuta ta karɓe mana aikin, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

A bakin masu ɗab'i, girman takarda wannan siffa take nufi. Shafi ne mai kamar inci 11 a faɗi da 17 a tsawo, wato rabin babban shafin nan da Turawa ke kira "broadsheet", wanda sai ka ware hannuwa biyu kafin ka karanta. Asalin kalmar kuwa daga wajen masu magani yake. A 1884 kamfanin Burroughs Wellcome na Landan ya yi rajistarta a matsayin sunan ƙwayoyin da ake matsewa su zama ƙanana. Da sunan ya bazu, sai mutane suka ara suna laƙaba wa duk abin da aka dunƙule. Ranar 1 ga Janairun 1901 Alfred Harmsworth, wani mai jaridu a Ingila, ya shirya wa jaridar New York World bugu na musamman mai ƙananan shafuka da gajerun labarai, kalmar ta samu gindin zama a aikin jarida.

Ban musa ba, daga baya ta kwashi wari. Jaridun Ingila irin su The Sun da Daily Mirror sun ɗauki wannan girma suka cika shi da manyan kanun labarai, da hotuna, da bin diddigin gidan sarauta da 'yan ƙwallo. Wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. Har ta kai lokacin da The Independent ta rage shafinta a 2003, The Times ta bi sahu ta kammala a 2004, dukansu sun ƙi sunan, suka ce nasu "compact" ne, wato matsattse, alhali takardar ɗaya ce. The Guardian ta Ingila ce ta karɓi sunan ba kunya a Janairun 2018, kuma ba wanda zai kira ta jaridar gulma.

Mu dawo gida. Yawancin jaridun Najeriya a wannan girma ake buga su, har da waɗanda kuke karanta mana kanunsu kowace safiya. In muka bi fassararku, su ma na tsegumi ne ke nan.

Roƙona ga masu fassararku su duba inda kalmar ta faɗo. In maganar girma ake yi, su ce jarida mai ƙaramin shafi. In kuwa halin jaridar ake suka, to a nan "jaridar tsegumi" ta zauna daidai.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naka mai sauraro,
tsohon ma'aikacin ɗab'i, daga Zariya