Abba, Ka Zo Ka Zauna Da Shi

Assalamu alaikum Abba,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Maman Hanifa da yaran. Mu nan sai godiyar Allah. Jikin mahaifinku Malam yana nan yadda ka bar shi, sai dai ƙafafun sun ƙara kumbura, ranar Talata kuma an sake zuƙe masa ruwan ciki a asibitin Shika. Ya samu sauƙin numfashi bayan nan, har ya sha kunun gyaɗa rabin kofi.

Na rubuto maka ne saboda a waya ba ma ƙarasa magana. Da na fara faɗin abin da ke raina sai wani kiran ya shigo, ka ce, "Umma ina zuwa, wani Alhaji ne da ya yi alkawari." Takarda kuwa ba mai katse ta.

Allah ya yi maka albarka. Wata biyu ke nan kana zarya ofis-ofis a Abuja neman kuɗin fitar da Malam waje a yi masa dashen hanta, ka buɗe guruf na abokan karatunka a WhatsApp, ka bi 'yan uwa na nesa da na kusa. Ummi ta nuna mini lissafin, miliyan 6 da ɗoriya. Na san roƙo ba halinka ba ne. Tun kana ƙarami ko gishiri na aike ka karɓowa maƙwabta sai ka tsaya a zaure kana jin nauyi. Na san abin da ka haɗiye kafin ka iya buɗe baki, kuma Allah ya sani.

Amma akwai maganar da ba wanda zai faɗa maka ita kai tsaye in ba ni ba. Shekara 35 na yi ina aikin jinya kafin na ajiye, na kuma karanta sakamakon hoton da aka yi wa mahaifinku da idona. Ciwon dajin ya tsallake hanta ya taɓa huhu. Dashen hantar da kake tara wa kuɗi ana yin sa ne ga wanda dajin bai fita daga hantarsa ba, kuma wannan ƙa'ida ɗaya ce a Indiya da Masar da Ingila. Likita ya faɗa ranar nan kana tsaye a bakin ƙofa. Kunnenka ya ji, zuciyarka ta ƙi karɓa. Ban ga laifinka ba, ni ma kwana uku na yi kafin na iya maimaita maganar ga kaina.

Mutumin nan da ke turo maka saƙo yana cewa a kawo Malam asibitin waje kawai a biya kafin alƙalami, ka aika masa da hoton huhun, ka ce likitan can ya rubuto da sa hannunsa abin da za su yi wa Malam wanda ba a yi masa a nan. In amsar ta zo, ka kawo mu karanta tare. Abin da nake tsoro shi ne a ɗora dattijon da ko zaman kujera yana gajiyar da shi a jirgi, a kai shi inda ba ya jin harshen kowa, ajali ya same shi babu wanda zai tuna masa kalmar shahada.

Rai a hannun Allah yake, ban kuma yanke ƙauna ba. Neman magani umarni ne, muna kan nema. Sai dai maganin da yake buƙata yanzu shi ne mofin a kan lokaci don kada raɗaɗi ya hana shi barci, da zuƙe ruwan nan idan ya taru, da maganin da ke sa shi bayan gida, da mutum a kusa da shi.

Bari in yi maka bayanin na bayan gidan, don a nan maganata take. Aikin hanta shi ne tace dattin jini. Idan ta gaza, dattin sai ya hau kai. Yana farawa da barcin rana da farkawar dare, sai hannu ya riƙa karkarwa, sai mantuwa, sai mutum ya daina gane na kusa da shi. Maganin yana rage dattin, yana jinkirta abin, amma ba ya tsayar da shi. Daren Laraba Malam ya kalli Ummi ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun kafin a haife ka, ya tambaye ta ko an ɗaure awaki. Da asuba hankalinsa ya dawo sarai, ya yi taimama ya yi sallarsa a kwance. Na sha ganin wannan a gadon asibiti, na san yadda yake tafiya. Kwanakin da zai iya gane ka ya yi maka magana sun fi kwanakin da suka rage masa ƙaranci, su kuma nake jiye maka.

Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ya ɗago kai ya ce, "Shi ne?" Zuwanka na ƙarshe ka zauna a gefen katifarsa waya na hannunka. Ya fara ba ka labarin gonar Giwa, yadda kakanka ya sare ta, da inda iyakarta ta tsaya da ta Baffa. Wayar ta yi ƙara, ka ce masa minti ɗaya, ka fita zaure. Ka dawo ka tarar ya juya fuska bango, ka ɗauka barci yake. Idonsa biyu. Bayan tafiyarka abin da ya ce mini shi ne, "Yaron nan wahala yake sha saboda ni." Bai ƙarasa labarin iyakar gonar ba, kuma ba wanda ya san ta kamarsa.

Ka san hadisin mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya ce suna nan, aka ce masa ya koma ya yi jihadinsa a kansu. Malam da kansa ya karantar da kai shi a zauren nan.

Ban ce a rufe asusun ba, don akwai kuɗin magani da na asibiti da na mota a gabanmu. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka miƙa wa Kawunku da abokinka ɗaya da ka yarda da shi, su riƙa amsa kira, su rubuta duk kwabon da ya shigo da wanda ya fita. Kai ka duba lissafin sau ɗaya a rana bayan azahar. Daga magariba ka kashe wayar.

Sannan ka faɗa wa mutane gaskiya. Sun bayar ne da sunan fita waje, wasu daga kuɗin cefanensu suka cire. Ka rubuta musu cewa likitoci sun ce tafiyar ba za ta amfane shi ba, za a yi jinyarsa a gida; wanda ya yarda a yi amfani da nasa a hakan Allah ya saka masa, wanda yake son a mayar masa a mayar masa ba tare da jin kunya ba. Amana ce, kada mu bari ta bi shi kabari. Kada kuma ka ci bashin kuɗin ruwa, kada ka taɓa gonar.

Hoton nan da ka sa a Facebook, yana kwance ciki a buɗe, don Allah ka cire shi yau. Na san don a tausaya ka sa. Mahaifinka mutum ne da ban taɓa ganin ya fita ko ƙofar gida babu hula ba. Bai san da hoton ba, na kuma hana kowa ya faɗa masa.

Abin da ya fi damunsa ma ba jikinsa ba ne, littafinsa ne. Akwai mutum huɗu da suka ba shi kafin alƙalami na ɗinkin babbar riga, ciwo ya kwantar da shi bai gama ba, ɗaya aska takwas ce ya kai rabi. Akwai kuma sauran kuɗin mai zare a kasuwar Sabon Gari. Ya san ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya, kullum sai ya ambata. So yake ka zauna ya karanta maka sunayen, ka je da ƙafarka ka sallami kowa, ka dawo ka ce masa an gama. Akwai wasiyya kuma da yake son yi a gabanka da Baffa tun bakinsa na fita.

Wani abu da nake ta mantawa a waya: ciwon hanta nau'in B ne asalin wannan cuta, ya daɗe a jikinsa shiru ba mu sani ba. Sai a 2004 aka shigar da rigakafinsa cikin alluran jarirai a ƙasar nan, ku duka kafin nan na haife ku. Ni da Ummi an gwada mu. Kai da matarka ku je a gwada ku, wanda ba shi da shi a yi masa allura uku cikin wata 6, a kuma duba katin yaran a tabbatar sun samu tasu.

Maman Hanifa ta yi haƙuri da yawa. Ba ta kawo mini ƙara ba, a muryarta na ji. Ka taho da su. Malam yana ta tambayar amaryarsa Hanifa, yana cewa ta yi masa yaji.

Ka nemi hutu a wurin aiki, ko sati biyu ne. In kun hau jirgin safe daga Idu ranar Juma'a, Kawu zai tare ku a Rigasa. Ka taho da abin yankan farce mai kyau, nasa sun yi tsawo, ya kuma hana kowa taɓa su, ya ce sai ka zo. Ya fi samun natsuwa tsakanin hantsi da azahar, lokacin ne za ka tambaye shi maganar gonar.

Allah ya yi maka albarka, ya kawo ku lafiya.

Mahaifiyarka,
Zariya