A riƙa auna haɗiyar masu shanyewar ɓarin jiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Wahalar haɗiya takan biyo bayan shanyewar ɓarin jiki, amma mu a gida da zarar mara lafiya ya motsa hannu sai mu ce sauƙi ya samu. Alhali cokali ɗaya na koko zai iya ƙware shi, ya yi ta tari har murya ta shaƙe. Abin da ya zarce huhu kuwa yakan jawo nimoniya.

Ina roƙon asibitocin Zariya, har da na koyarwa da ke Shika, a gwada haɗiyar mai shanyewar ɓarin jiki kafin a ba shi ko da ruwan shan magani. A rubuta a kati nauyinsa, abin da yake iya ci, da ranar da aka cire robar hanci ta ba da abinci. Bayan sallama ma a sake dubawa.

Mai karatu,
Tudun Wada, Zariya